Kawuna ya latsa wake, ni na san dalili

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci, na riga na yanke wa kaina.

Ni ɗan Tasawa ne, ni na ƙera wa wata ƙungiyar manoma aplikasiyon da ake rajistar iri da shi a waya. Da yake mutanenmu da yawa ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, sai na cire rubutu, na sa hotuna zalla: zangarniyar gero nan, wake nan, gyaɗa nan. Aka yi ta yabona, kaina ya kumbura. Abokiyar aikina ta ce in sa murya, domin makaho ba ya ganin hoto, kuma wayar da ke karanta masa allo ba za ta san me ke jikin hoton ba. Na ce sai baɗi. Da shugaban ƙungiya ya tambaya, na ce na bincika, babu makaho cikin manomanmu. Ban bincika komai ba, sauri nake.

To kawuna, yayan mahaifiyata da ke Tchaké, shekara shida ba ya gani. Da hannu yake gane irin gero mai kyau, kuma ba ya son a riƙe masa waya. Shi ma yana cikin ƙungiyar; ya zauna shi kaɗai zai yi rajista, wayar na ce masa «buton, buton, buton» ba ta faɗin sunan iri, ya latsa ɗaya. Aka kawo masa wake, alhali gonar gero ya share. Yaya aka yi na manta da mutumin da ya goya ni?

Na je gaishe shi da niyyar faɗa masa gaskiya. Kafin in buɗe baki ya laluba hannuna ya riƙe.

«Ɗana, kar ka hwaɗa ma kowa. Ni na ɓata, aikinka lahiya lau yake. Ban so a ce kawun mai abin ne ya kasa.»

Wallahi don kunya haka na yi masa sallama na taso da gaskiyar a cikina.

Yanzu damina ta matso, ana tsakiyar rajista. In na tsayar da aplikasiyon don in sa murya, wasu za su makara da shuka, kuma dole in gaya wa shugaba na yi masa ƙarya. In na bari sai baɗi, kawu zai ci gaba da rufa mini asiri a kan laifin da yake zaton nasa ne. Ko zama wuri ɗaya na kasa yi. Don Allah, me zan yi?