Labulen da Na Ɗinka Ya Rufe Tsagar Bene

Assalamu alaikum Malama. Ki yi mini afuwa da na ɗora miki karatun wannan takarda, na san masu damuwar da ta fi tawa suna nan suna jiran ki. Sau uku ina rubutawa ina yagewa, sai na ga gara in faɗa wa wadda ba ta san fuskata ba.

Ni tela ce, shekara goma sha tara ke nan ina ɗinki a hawa na biyu na wani tsohon bene a tsakiyar gari. Benen na wan maigidana ne, Yaya Babba muke ce masa. Mutumin kirki ne, ba zan ci naman sa ba, sai dai akwai shi da son ƙari. Shekarun baya ya ɗora hawa na uku, bara kuma ya aza tankunan ruwa biyu a can ƙololuwa.

Tun daga lokacin bangon matattakala ya tsage. Kin san tela, ba ya ganin abu ya wuce bai auna ba. Da fari allura ce kawai ke shiga tsagar. Sai na riƙa sa mata tef ɗin awo duk ranar Asabar, ina rubutawa a littafin awo, tsakanin kafaɗar wata da ƙugun wata. Yanzu faɗinta inci ɗaya da rabi. In zare ya faɗi mini kuwa ba na wahalar nema, na san lungun da yake gangarawa. Maƙwabciyata mai kitso ta ce benen ne ya fara koyon ruku'u. Na ce ta yi istigfari, amma Allah Ya yafe mini, ni ma na yi dariya.

To, kwanan nan hukumar birni ta fara bin gine-gine tana dubawa, wanda ta ga haɗari a jikinsa ta shafa masa jan fenti, a ce kowa ya kwashe kayansa. A layin bayanmu an shafa wa uku. Makon jiya sai ga aike daga Yaya, yadi mai kauri da awo a takarda, wai in ɗinka labule. Ban tambayi na ina ne ba, mu ba a saba mana da tambayar babba dalili ba. Na zauna na zuba masa aiki, har shafi na sa, na yi masa tattara a sama. Washegari da na zo, sai na tarar da labulena a rataye kan tsagar tun daga sama har ƙasa, an ma ajiye tukunyar fulawa a gabansa. Mai gyaran agogo na ƙasa har yaba mini ya yi.

Malama, ranar Laraba masu dubawar za su iso mana. Ni ban yi boko mai zurfi ba, amma malaminmu na allo ya karantar da mu cewa wanda ya taya ɓoye aibi yana da nasa kamashon. Na gwada yi wa maigidana maganar, ya ce in bar maza da sha'aninsu. In na buɗe baki, ga zumunci, ga shagona, ga mutum goma sha ɗaya da ke neman abinci a benen. In na yi shiru, ga matan da ke hawowa gwajin kaya, wasu da goyo, wasu da tsohon ciki. Don Allah ki ba ni amsa kafin Laraba.

Taki, Tela a hawa na biyu

AMSA

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, ɗinkin da kika yi ba ki san manufarsa ba, babu laifinki a ciki. Amma yanzu kin sani, kuma daga nan ne nauyin ya hau kanki.

Kada ki ɗauki Yayanku mugu. Tsoro ne ya kama shi, yana ganin wahalarsa ta shekaru za ta tafi a gwangwanin fenti ɗaya. Maƙwabtanki ma suna da gaskiyarsu, barin wurin sana'a ba wasa ba ne. Sai dai duk wannan ana iya gyara shi daga baya, ran mutum kuwa ba a mayar da shi.

Yau ɗin nan ki buɗe wa maigidanki littafin awon nan, ya ga lambobin da idonsa mako bayan mako. Sau da yawa abin da namiji ya ƙi ji a baki yakan yarda da shi a rubuce. Ku je wurin Yaya tare, cikin ladabi, ku roƙe shi ya sauke labulen da kansa, ya zubar da ruwan tankunan, ya kuma riga hukuma magana. Ba kowane jan fenti ne rusau ba, wani ginin gyara ake sa mai shi ya yi, kuma wanda ya kai kansa ya fi samun sassauci a kan wanda aka kama yana ɓoyo.

In ya ƙi, ranar Laraba ki ce wa injiniyan da zai zo dubawa ya ɗaga labulen, ki miƙa masa littafin. Fushin dangi yakan yi zafi, amma yana hucewa.

Kafin nan ki sanar da maƙwabtanki abin da kika auna, haƙƙinsu ne su sani. Ki kai kekenki gida tun gobe, ki gaya wa masu ɗinki su same ki a can, kada ki ƙara sa mace mai ciki hawa wannan matattakala. Allah Ya tsare ku baki ɗaya, Ya sanyaya zuciyar Yayanku, Ya buɗa miki wuri mai aminci.