Mabiyiyar Hidaya a Firiza

Alhamis, 3 ga Oktoba

An sallamo ƴata Raudatu daga asibiti. Mace ta samu, ƴar mitsitsiya, amma lafiya lau. Alhamdulillahi. Jikata ta fari ke nan.

Na ƙwato mabiyiyar. Sai da na tada jijiyar wuya kafin nas ɗin ta gane da gaske nake, wai me zan yi da ita. Ke ina ruwanki? Da na yi shiru da tuni an ƙone ta da sharar asibiti. Yanzu tana firiza cikin roba mai murfi, tsakanin kuɓewa da kaji, na naɗe ta da baƙar leda.

Damagaram zan kai ta. Bayan ɗakin Inna aka binne tawa, nan aka binne ta Raudatu, nan ta yarinyar nan za ta kwanta. Inna, Allah ya jiƙanta, ta sha faɗa cewa inda aka binne mabiyiyar mutum nan ne gidansa, ko ya kai bangon duniya sai ya komo. To ba zan sa ta jikata a nan unguwar Tompkinsville ba, a ƙasar Turawa, a gidan haya. Raudatu ta ce, "Mama, please." Ƴar nan tawa ba ta da wata magana sai please.

Talata, 8 ga Oktoba

Suna. Hidaya. Ɗaki ya cika har matakala, ƙafata ta kumbura, ba wanda ya tafi da yunwa.

Litinin, 14 ga Oktoba

Tun da na zo ƙasar nan ban taɓa zaman gida a irin wannan lokaci ba. Kullum ina titin Canal Street bakin teburin sana'ata, ban ma san haka itatuwan layinmu suke yin ja ba. Ƙawata Shamima ke riƙe mini teburin har Raudatu ta yi arba'in. Ni kuwa daga taga sai kicin, daga kicin sai taga. In na ji ƙahon feri, jirgin fito, daga bakin ruwa sai in ji kamar ni aka bari.

Na tafasa ruwan wankan jego, tururi ya tada ƙararrawar wuta. Baba Gaitano, tsohon da ke da gidan, ya hau sama yana haki. Ya ga tukunya, ya ga jaririya, ya yi dariya ya sauka. Shi kaɗai yake zaune a ƙasa tun rasuwar matarsa.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Barmo, wani ɗan ƙasarmu, zai tafi gida jibi. Na sa Ismaël, mijin Raudatu, ya kira mini shi, tunda tare suke jiran fasinja da tasi a filin jirgin JFK. Na ce saƙo ne ɗan ƙarami. Da ya ji ko mene ne sai ya yi salati. "Hajiya Aminatou, ki rufa mini asiri! Karnukan filin jirgi su shinshino naman mutum a akwatina, in ce musu me?" Wai kuma kwana biyu zai yi a hanya, kafin ya kai Yamai ta narke.

Ragon banza. Kilishi kuwa ai ya iya ɓoye shi in zai dawo.

Laraba, 23 ga Oktoba

Ban iya zama ba. Na sauka har bakin ruwa na dawo, iska ta kusa cire mini kunne.

Asabar, 26 ga Oktoba

Innalillahi! Na fito daga wanka na tarar da robar a kan teburin kicin, Ismaël yana yanka albasa. Wai hanta ya zata, zai soya wa maijego. Allah ya so bai kai ga buɗewa ba. Na yi masa tas, abin da ban taɓa yi wa suruki ba. Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana ta "Ki yi haƙuri, Mama," har ni na ji kunya.

Raudatu ba ta yi dariya ba. Ta ce ta gaji, ba za ta ci gaba da buɗe firiza tana ganin abin nan ba. In aka yi arba'in yana nan, da hannunta za ta mayar asibiti su yi yadda suke yi. Kuma na san ta, za ta aikata. Taurin kaina ta ɗauko.

Talata, 29 ga Oktoba

Na raka Baba Gaitano kantin magani a unguwar St. George, ƙafarsa ba ta da ƙwari. Kusa da kotu akwai ɗan fili mai ciyawa, na sha wuce shi. Ya tsaya ya cire hula. Ya ce kabari ne. A zamanin da, in jirgin ruwa ya kawo baƙi daga Turai, a unguwarmu ake tsare marasa lafiya a wani babban asibiti. Da yawa nan suka mutu, ba su ko ga cikin birni ba. Daga baya mutanen gari suka cinna wa asibitin wuta don tsoron cuta. Aka manta da matattun har aka yi wurin ajiye motoci a kansu, sai da za a gina kotu aka tono su aka sake binnewa.

Ka ji fa! Motoci a kan mutane. A wannan ƙasar ake so in sa jikata?

Amma na yi musu addu'a a zuci, ban san ko ya halatta ba. Su ma da niyyar wani wuri suka fito.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

Sun mayar da agogo baya da awa ɗaya kamar yadda suke yi in sanyi ya zo, la'asar sakaliya duhu ya shigo. Hidaya na mura.

Na kira Yaya Rafia a Damagaram in ce ta tanadar mini wuri, zan san yadda zan yi in taho da ita da kaina. Sai ta ce, "Wane bayan ɗakin? Ai tun rabon gado aka zuba siminti, shagon caji ne yanzu a wurin. Na ɗauka kin sani." Ba wanda ya gaya mini. Ko an gaya mini ban ji ba.

Ba ta bar ni na numfasa ba. "Ke Aminatou, kina da hankali? Wata guda kin bar abokiyar tafiyar yarinya cikin ƙanƙara? Mu a ranar muke binnewa. Ba dole ta yi mura ba!" Na ce murar lokaci ce, kowa na yi. Na kashe waya na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Ban buɗe firiza ba. Kuɓewa ma na fasa.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gobe arba'in. Da hantsi na leƙa ta taga na ga Baba Gaitano a bayan gida da shebur, ya ɗaure rassan itacen ɓaurensa da igiya yana haƙa rami a gefe. Yana yi yana hutawa. Na sauka na ce, Baba, lafiya? Ya ce ɓauren zai binne. Na ce itace da ransa? Ya ce babansa ne ya zo da reshen daga Italiya, ba ya jure sanyin nan. Duk shekara sai a kwantar da shi a rami a rufe da ganye da ƙasa, in zafi ya dawo a tashe shi.

Na karɓi shebur ɗin, ni ƴar manoma ce. Ƙasar baƙa ce, da laushi, har da tana. Ina cikin haƙa na ji bakina yana gaya masa, da guntun Turancina, abin da ke firiza. Na jira ya ce wannan ƙazanta ce. Sai ya nuna can kusa da katanga, inda sheburin baɗi ba zai taɓa ba, ya ce in zurfafa sosai saboda dabbobin da ke tonon shara.

Na wanke ta da ruwan ɗumi, na naɗe a farin ƙyalle. Ina durƙushe sai ga Raudatu ta sauko cikin rigar sanyi, Hidaya a ƙirji. Da Hausa ta yi magana, wallahi. "Mama, nuna mini yadda ake yi." Na ce igiyar cibiya sama take kallo, ba a kifa ta, in an kifa Inna ta ce haihuwa tsayawa take. Na yi bismillah na sa. Ita ta fara zuba ƙasa. Tsohon yana gefe, hularsa a hannu.

Bayan nan muka kwantar da ɓauren mu uku.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Murar Hidaya ta warke. Ban ce don wani abu ba ne.

Na koma teburina tun Litinin. Ismaël ya tambaye ni maganar tikitin zuwana gida a watan Janairu, na ce a dakata tukuna.

Yau bayan masallaci na tsaya na gaida liman. Shekara da shekaru ina gaya wa Raudatu in na mutu a sa ni a jirgi, ko da me za a sayar. Na tambaye shi wai namu da suka rasu a nan ina ake kai su. Ya ce akwai maƙabartar Musulmi a New Jersey. Na ce da nisa daga Tompkinsville? Ya ce a'a, gada ɗaya za a haye, yara na iya zuwa ziyara su dawo a wuni.

Tambaya ce kawai na yi.