Ciwon da Nasiru Ya Ɗauko a Ƙarƙashin Teku

Assalamu alaikum, ƙanena Sani.

Ya aiki, ya zafin Jidda? Ya Maman Hanifa da yara? Mu nan Ƙofar Wambai sai godiya, amma ni dai na kasa zama wuri ɗaya.

Ɗana Nasiru ya sauka daga wajenku yana kukan kafaɗa da gwiwa, ƙafarsa ta dama kuma ta yi masa nauyi, ko an taɓa ta ba ya ji. Inna ta ce sanyin jirgi ne, muka tafasa ruwa muka yi ta gasa masa jiki da tawul. Ciwo sai gaba yake yi.

A asibiti ne ya faɗa wa likita cewa ranar dawowarsa ka kai shi nutso a teku da tulun iska a baya, da yamma ya hau jirgi. Likita ya ce wanda ya yi nutso ba ya hawa jirgi a ranar, domin iskar da ta shiga jiki takan yi kumfa a jini, kamar an buɗe kwalbar lemo. Gashin namu ma ƙara abin yake yi. An sa masa iskar numfashi, ana neman asibitin da za a tura shi.

Ba faɗa nake yi maka ba, Sani. Amma kafin ka sake shiga ruwan nan, ka tambayi masana.

Ka gaida kowa, ka sa shi a addu'a a Harami. Ni kam bini-bini sai na mintsini yatsan ƙafarsa. Ɗazu ya ce, “Umma, da zafi.” Ban taɓa murnar jin wannan kalmar ba sai yau.

Yayarka,
Hadiza