Zuwa ga Inna, Wadda ta Koya Mini Jiran Amsa

Assalamu alaikum, Inna. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, ina roƙon Allah shi sa wagga takarda ta iske ki cikin rahama, shi ƙara haskaka makwancinki. Mu nan Azarori lahiya lau, hatsi ya shiga rumbu, jikokinki sai ƙiriniya.

Inna, zauna da kyau ki sha labari. Ɗiyarki Rabi, Madam mai lissahi, wadda ta tsuhwa da alli a hannu, yanzu cikin waya take koyarwa. Na san da kina nan sai kin riƙe haɓa.

Lokacin hutu anka kira mu Madawa, anka zaunar da mu bisa benci kamar 'yan lakwal, wato 'yan makaranta. Wani saurayi mai koyar da mu, wanda na tabbata na girmi uwarshi, ya nuna muna yadda ake ɗaukar darasi da murya a aika ma ɗalibi duk inda yake. Ya ce a taƙaita, ban da doguwar gaisuwa, ban da shiru, don saƙo shi yi saurin tahiya inda rezo, wato sabis na waya, ba shi da ƙarhi. Na ce to, amma a raina na ce wanga yaro bai san ni ba.

Da ba don A'ishatu ba, da ban ko taɓa abin ba. Ɗiyar makiyaya ce, tana ajin ƙarshe na koleji, kuma kanta na ja. Bana uwarta ta yi fama da ciwon baya, dole A'ishatu ta bi iyayen nata arewa da shanu don tatsa, ba su dawowa sai an gama girbi an saki gonaki. Ke nan watannin farko duka su wuce ta, ga birebe, jarrabawar gama koleji, na jiranta. In ta faɗi, na san ba a sake mata wata shekara. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Sai na fara aika darasi cikin wayar babanta. Ranar kasuwa yakan hau tudu inda rezo ke kamawa, shi kwaso su.

Da kin gan ni ranar farko, da kin yi dariya har da hawaye. An tashi, aji wayam, na tsaya gaban tablo, allon aji, ina rubutu, ina cewa waya ta duba nan. Akuyar mai gadi ta leƙo, na daka mata tsawa a yi shiru can baya. Duk ya shiga cikin saƙon.

Kuma halin da kinka sa mini ya ƙi fita. Kin tuna in na gaida baƙo ina gudu, sai ki riƙo mini gehen zane ki ce: «Rabi, kin tambayi mutum lahiyarshi, tsaya ki ji.» To, haka nike ma waya. In ce ina kwana, in tsaya. Ina gajiya, in tsaya. In yi tambayar lissahi, in yi tsit ina kallon bencina babu kowa, kamar wani na shirin ɗaga hannu.

Abokan aiki sunka sa ni gaba da tsiya, wai Madam na gaida iska. Kunya ta kama ni. Na zauna na koyi yanke shirun nan, na aika darasi guda sumul, babu gaisuwa babu tsayawa, har ina jin kaina wata gwana.

Kasuwa ta zagayo, sai ga muryar A'ishatu cikin wayata, can ƙasa-ƙasa, shanu na kuka bayanta. Wai ko ta yi mini laihi ne? Ta ce ban bar mata wurin amsawa ba, kahin ta gama lissahi a ƙasa da tsinke na wuce. Ji fa, Inna. Ashe duk shirun da nike bari, akwai mai cika shi.

Tun ranan ban sake yanke komi ba. Saƙon shi yi nauyi, tudun na nan.

Makon jiya sunka dawo. A'ishatu ta shigo aji ta yi baƙi ta rame, amma na ba ta alli ta warware abin da ya gagari waɗanda sunka kwana sunka tashi gabana. Birebe sai damana, sai dai yanzu ba ni jin tsoro.

Uwarta kuma ta zo har gida da man shanu. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma ta ce ta daɗe da sanina, don duk gaisuwar da na yi cikin waya ita ke amsawa, har ta faɗa mini yadda bayanta ya kwana. Mun yi dariya sosai. Da ta tahi na shiga ɗaki na yi kewarki, kewa mai tsanani.

Allah shi jiƙan ki, Inna, shi gafarta miki, shi saka miki da aljanna, shi ba A'ishatu sa'a. Amin.

Ina kwana, Inna? Ga ni na tsaya.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rabi