Kwanan Wata a Jikin Filta

Ranar Lahadi

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Yaya ɗinki? Yaya kuma bayan nan naka da ke damunka in ka daɗe a kan keke? Mu nan da sauƙi, gwargwadon yadda ake samu a shekarunmu. Mamansu tana gaishe ka. Har yanzu Litinin da Alhamis ina kai ta asibiti wankin ƙoda. Takan dawo a galabaice, amma bakinta ba ya gajiya.

Za ka ce me ya hana ni kiranka a waya. Gidan nan in na yi tari a falo ana jina a uwar ɗaki. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar ɗanka na wajena ce, na banki. Jiya da safe ya zo ya same ni a ƙarƙashin mota ina juyen mai. Daga inda nake kwance takalmansa kawai nake gani, suna ta ƙyalli. Ya tsaya nesa da daro don kada mai ya fallatsar masa, ya ce wai abin kunya ne a ga dattijo mai shekara saba'in da ɗaya kwance a kan kwali, maƙwabta za su ce 'ya'yansa sun yar da shi. Na ce ya miƙo min sifana mai lamba goma sha huɗu. Auta, filaya ya miƙo min.

Daga nan ya gangaro kan abin da ya kawo shi. Wai in ba shi makullin mota, zai riƙa turo direba ranakun asibiti. Dalilinsa wai rannan na zarce kwanar asibiti. Wane direba ne bai taɓa zarce kwana ba? Na ci gaba da aikina, don ya ga yadda hannun wanda yake kira tsoho yake aiki.

Kai ba ka taɓa tsayawa ka gani ba, bari in gaya maka. Sai ka ɗumama inji minti biyar don man ya saki jiki. Ka tare tayoyin baya da bulo, ka ɗaga gaba da jak, ka tokare da ƙarfe, don wawa ne kaɗai ke shiga ƙarƙashin motar da jak kawai ke riƙe da ita. Ka tura daro, ka sassauta notin kaskon mai, ka ƙarasa da yatsu. Ɗumin man nan in ya gangaro maka a wuyan hannu, ban san abin da ya rage min a duniya da nake jin daɗinsa haka ba. Jiya ma bai yi baƙi sosai ba, alamar injin da ake kula da shi ke nan. Sai filta. Ka kwance tsohuwar, ka tabbatar robarta ta fito tare da ita ba ta manne a jikin inji ba. Ka shafa wa robar sabuwar ɗan mai da yatsa, ka ɗaure da hannu, ban da sifana. Ni kuma sai na rubuta kwanan wata a jikinta da farin fenti, shekara ashirin da biyu ban taɓa fashi ba. Ka mayar da noti, ka zuba lita huɗu ba kwata ta mazurari, ka duba geji, ka tayar, ka jira jar fitila ta mutu, ka leƙa ƙasa ko akwai ɗigo. Shi ke nan.

Wannan aikin ake so in kai wa bakanike, wanda ke huda filta da sukuddireba yana bugu da guduma. Ni da aka tura karatun injiniya lokacin da wanda ya gama sakandare ma abin kallo ne. Shekara goma sha tara ina duba injina a masana'antar harhaɗa motoci kafin a rufe ta, yanzu ciyawa ta fi ni tsawo a wurin. Na koma koyarwa, na ƙare da alli a hannu. Waɗanda na koya wa riƙe sifana yau in sun gan ni a hanya sai su ɗaga gilashi. Abin da ya rage min motar nan ce da matar nan, kuma ni zan riƙa kai ɗaya a cikin ɗaya har ƙarfina ya ƙare.

Ko Dogo mai shagon kayan mota ya shiga layin masu raina ni. Wancan watan na sayi filta huɗu da galan uku na mai. Jiya na buɗe sito, filta uku, galan biyu. Da yamma na je na gaya masa abin da ya dace da shi a gaban jama'a. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, in koma gida in sake dubawa. Ka ji mutanen yanzu.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara. In ɗanka ya kira ka kan maganar makulli, ka san abin da za ka ce masa.

Naka,
Yayanka

Ranar Laraba

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Yau da safe na tashi da tunanin cewa gobe ranar asibiti ce, kuma an daɗe ba a yi wa motar juye ba. Na ɗauko kwali da daro, na ɗumama inji, na tare tayoyi, na ɗaga, na tokare. Komai daidai, ban tsallake ko ɗaya ba. Na kwance noti.

Man ya zubo garau kamar zuma. Ina ganin gindin daro ta cikinsa.

Na daɗe a kwance ina kallonsa. Da farko na ce ko ɗanka ne ya kai motar gareji a ɓoye, har raina ya fara tafasa. Sai na juya kai na dubi filta. Sabuwa ce fil, ko ƙura ba ta kama ta ba. A jikinta akwai kwanan watan ranar Asabar da ta wuce, da farin fenti. Rubutuna ne. Ka san yadda nake ja wa bakwai layi a tsakiya.

Kwana huɗu ke nan kacal. Na tuna ɗanka ya zo, na tuna takalmansa, na tuna ya ɓata min rai. Amma abin da nake yi a ƙarƙashin motar a lokacin, na lalubi kaina ban samu ba. Kamar ka buɗe ɗakin da ka san akwai kujeru ka tarar da shi fayau.

Na tace man da tsumma mai tsabta na mayar da shi. Ina cikin zubawa Mamansu ta leƙo ta tagar kicin ta ce, Injiniya, sannu da aiki, motar nan ta fi ni samun kulawa. Haka take tsokanata kullum, amma yau ba ta yi dariya a ƙarshe ba. Na ce mata geji kawai nake dubawa.

Tambaya biyu zan yi maka, kuma kada ka lallashe ni.

Ta farko: ina jin na rubuto maka ranar Lahadi. In haka ne, na ambaci juyen mai a ciki?

Ta biyu ta fi nauyi. Yaya abin ya fara wa Baba? Ni ban sani ba, kuma kai ka san dalilin da ya sa ban sani ba. Lokacin ina babban ma'aikaci, in zo wata uku sau ɗaya, in zauna awa biyu ina duba agogo. Kai da na riƙa yi wa gorin ka bar makaranta ka kama allura, kai ka yi shekara shida kana yi masa wanka. Abin da na riƙe kawai ranar da ya tambaye ni sau uku yaushe na iso, na daka masa tsawa na ce ai na gaya maka. Ya sunkuyar da kai ya ce to, yi haƙuri. Kana tsaye a bakin ƙofa da kwanon ruwa, ba ka ce min komai ba, har yau.

Gobe zan kai Mamansu asibiti. Hanyar nan na san ta kamar tafin hannuna. Amma ko jiya da an tambaye ni, haka zan ce game da man motata.

Kada ka gaya wa kowa tukuna.

Yayanka

Ranar Talata

Ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ban taɓa yi maka irinta ba. Ina fatan bayan ya yi sauƙi, kuma yara suna lafiya. Amsarka ta iso jiya, tare da wasiƙata ta Lahadi da ka maido min. Na gode da ba ka yi min kwana-kwana ba.

Na karanta wasiƙar tawa sau biyu. Mutumin da ya rubuta ta ya iya aikinsa, sai dai bakinsa ya yi kaifi da yawa. Na kuma karanta abin da ka ce game da Baba, cewa a shagonsa na gyaran agogo abin ya fara, yana buɗe agogon da ya gama gyarawa ya sake gyara shi, kuma duk sau biyun aikin ba shi da aibi. Ban taɓa sanin haka ba.

Ranar Alhamis na kai Mamansu asibiti lafiya, na dawo da ita lafiya. Amma duk tsawon hanyar hannunta yana kan murfin ƙofa, kuma kafin kowace kwana sai ta ce, nan ne dai ko, Injiniya, kamar hira take yi. Shekara arba'in da huɗu ba ta taɓa nuna min hanya ba.

Da muka iso gida na gaya mata komai. Ba ta yi mamaki ba. Ta tashi a hankali, ga ta a gajiye, ta shiga kicin ta ɗauko wani abu a leda daga bayan tukwane. Filtar da na jefar ranar Asabar ce. Ta goge ta tas. Kwanan watan da ke jikinta na mako uku da suka wuce ne, da bakwai ɗina mai layi. Ashe juye uku na yi a wata ɗaya. Ga filtar da na ce Dogo ya danne, ga inda galan ɗin ya tafi.

Ta ce ita ta kira ɗanka. Ranar da na ce na ɗan zarce kwana, ba zarcewa na yi ba. Na tuƙa ta har ƙofar tsohuwar masana'anta, na tsaya ina danna hon a buɗe min get, ita kuma lokacin wankin ƙodarta yana wucewa. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa min. Ta ce in tana kallona ta taga ina kwance a kan kwalin nan ina ɗan waƙe-waƙe, shi ne kaɗai lokacin da take ganin mutumin da ta aura, ba mai faɗa da rediyo ba. Ta ce mai dai ai sayensa ake yi. Tsoron hanya ne kawai ya sa ta ɗauki waya.

Ranar Juma'a na je wurin Dogo. A gaban jama'a na zage shi, a gabansu na ba shi haƙuri. Ya ce ba komai Baba, ya jawo min benci. Da ya rama da ya fi min sauƙi.

Ɗanka ya samar min ganin likita mako mai zuwa. Direban ɗan naka ne ya kai mu asibiti jiya da makullin ajiya, ni ina baya kusa da Mamansu. Yana taka kuloci kamar yana kashe kunama. Na yi shiru har muka je, ka yaba min. Juyen mai dai na ce ba wanda zai taɓa min. Mun yi da Mamansu galan zai koma ɗakinta, in lokaci ya yi ita za ta fito da shi. Hannun nan bai manta komai ba, Auta. Ranar ce kawai take zamewa.

Za ka ji ambulan ɗin nan da ɗan nauyi. Makullin motata ne a ciki. Ban ba ɗanka ba, don zan iya tsare shi da ido har ya maido min. Ban ba Mamansu ba, don ba na so wata rana in daka mata irin tsawar da na daka wa Baba. In ya zauna a gidan nan zan nemo shi, kuma ranar da zan nemo shi ba zan tuna dalilin ɓoye shi ba. Kai ka san yadda ake zama da irin wannan, ni ban tsaya na koya ba.

Wata rana wasiƙa za ta zo maka, ina zagin wani cewa ya sace min makulli. Mai yiwuwa Dogo, mai yiwuwa kai. Kada ka yi musu da ni. Ka sa wannan takardar a ambulan ka aiko min. Ba na yarda da maganar kowa, ka sani, amma ina gane rubutuna.

Ka gaishe da mai ɗakinka. Ka zo in ka samu dama, tun ina sanin yaushe ka iso.

Naka har kullum,
Yayanka