Takalman Malam a Ragaya

Rano, 14 ga Yuli, 1960

Zuwa ga Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya kamar yadda muke a nan. Yaya Zariya, yaya karatu? Iya tana gaishe ka. Ka san halinta, har gobe ba za ta kama sunan ɗan fari ba, sai dai ta ce in tambayi wancan na Zariya ko yana cin abinci. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun ajin yaƙi da jahilci ne, layi yakan gudu ya bar ni.

Damina ta zauna sosai, geron gonarmu ta Saji ya kai ƙugu. Amma na san ba gero kake nema a takardar nan ba, ba kuma lafiyata ba, amanar da ka bar mini kake nema. To, kwantar da hankalinka, baƙin takalminka sau-ciki yana nan lafiya lau. Na cusa masa tsohuwar jarida kamar yadda ka nuna mini, na rataye shi a ragaya don kada sanyin ƙasa ya sa shi hunhuna. Kowace Juma'a nakan sauke shi in kakkaɓe, in shafa man takalmi kaɗan, in goge har sai na ga haƙorana a jikinsa. Na sa masa suna Di'o, don kamar Baturen mulki yana zaune a sama ana yi masa hidima, shi kuwa ba ya tsinana komai.

Iya takan zauna tana kallona ina wannan aiki. Ta ce fatar ƙishi take ji, ita da ta tashi a ruga ta san fata, man shanu kawai take so. Na ce Malam ya hana, ta taɓe baki.

Ina ɗokin ranar mulkin kai, in ji ƙarar takalman nan kana gaban 'yan makarantarka zuwa fili. Gidan ya yi mini faɗi, ba na ɓoye maka.

Taka,
Barira

Rano, 9 ga Agusta, 1960

Zuwa ga Malam,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ruwan Zariya bai hana ku shiga aji ba. Mu duk lafiya, sai dai akwai magana, kuma gara ka ji ta daga bakina.

Ɓera ya taɓa Di'o. Ya cinye rabin harshen ƙafar hagu, ya ɗan gatsi bakin dunduniya. Laifina ne. Na ga layin nan da tafiya ta yi a bisa yatsu, na ɗauka tsagewa fatar za ta yi, sai na shafe shi da man shanu ciki da waje, na ajiye a ƙarƙashin gado don ya sha sosai. Kwana biyu ina Zinyau wajen sunan ɗan ƙanwata, da na dawo na tarar da ɓarna. Ka yi mini faɗan da ka ga dama, na ɗauka.

Iya ce ta fi ni shiga damuwa. Kwana biyu ba ta taɓa tuwo ba, ko furar da take so ta ƙi sha. Ranar kasuwar Kibiya ta sa takalman a ƙwarya, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka, ta tafi da ƙafa wajen Manu baduku. Na roƙe ta ta bari yayana Ja'afaru ya kai a keke, ta ce ba ta yarda da hannun kowa ba. Ta ce mutum uku suka tare ta a hanya suna neman nono.

Manu ya ce abin zai gyaru. Zai binne su a toka kwana bakwai ta tsotse maiƙon, a inuwa, don rana ƙona fata take yi. Sannan ya yanka sabon harshe da fatar akuya, ya rina ta baƙi da kuloko. Ya ce ƙafa biyun zai sauya wa harshe don kada ɗaya ta tona asirin ɗaya.

Don Allah kada wannan ya hana ka karatu.

Mai neman afuwarka,
Barira

Rano, 12 ga Satumba, 1960

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da begenka. Takardarka ta iso ranar Laraba, na karanta ta sau uku, na yi dariya, na kuma ji kunya kamar in nutse. Ashe ban iya ƙarya ba, ko a baki ko a takarda. Ka ce matar da ke ƙirga Juma'a saboda takalmi ba za ta kai shi ƙarƙashin gado ba, kuma ka san hannun da ya shafe maka kai da ƙafa da man shanu tun kana rarrafe. To, na sallama, haka ne. Ina Zinyau Iya ta yi, don ta faranta maka. Da na dawo na same ta zaune da takalmin a cinya, tana ta juya shi. Shekara shida ina gidan nan, ban taɓa ganin hawayenta ba sai ranar. Ba ta roƙe ni komai ba, ni ce na ga ba zan iya bari tsohuwa ta sunkuyar da kai gaban ɗan da ta haifa ba.

Di'o ya dawo daga Kibiya, kuma a kanta ya dawo. Manu ya yi aiki. Ɗinkin ya yi ƙanana, sai ka kawo ido kusa za ka gan shi, baƙin ma ya hau daidai. Na goge shi sau biyu ya ɗauki ƙyalli, ɗan ƙanshin man ne kawai bai gama fita ba. Yanzu Iya ta sa an huda ƙoƙo an zura a igiyar ragayar, ta ce ɓeran da ya iya ya sauko mu gani.

Ga roƙona. Ita ba ta san ka sani ba, ta ɗauka ka yarda ni ce. Amma ta rantse mini, in ka dawo ka ɗaga mini murya ko da wasa, za ta fito ta faɗi gaskiya a gaban kowa. Ka san za ta aikata, ka kuma san bayan nan ba za ta ƙara sakewa da kai ba. Saboda haka ka bar tsokanar nan taka a tasha.

Ranar bikin ka sa su, ka bi ta ɗakinta kafin ka fita. Ka tuɓe a bakin ƙofa kamar kullum, ka durƙusa ka gaishe ta. In ka tashi sakawa, ka ce, yadda za ta ji, ba ka san abin da aka yi wa takalman nan ba, amma ba su taɓa yi maka laushi haka ba. Ba ƙarya za ka yi ba, Malam. Na zura ƙafata na gwada.

Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Taka har kullum,
Barira