Shekarar Da Na Ɓoye Maka

Ya kai sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan farkon damina mai sauka a kan busasshiyar ƙasa har ta saki ajiyar zuciya. Ya kai kafintana, mai hannun da ke lallashin katako har ya yarda ya zama kujera. Ina gaishe ka gaisuwar wadda ta san ta yi laifi, gaisuwar da ke tsaye a bakin ƙofa, ba ta shiga sai an ce mata bisimilla.

Yau kwana goma sha tara rabona da muryarka. Na kira har wayar ta fara ɗumi a tafin hannuna. Saƙonnina suna can jere a wayarka kamar masu jiran mota a tasha, ba ka ɗauki ko ɗaya ba. Shi ya sa na koma ga biro da takarda, don ita takarda ba ta nuna wa mutum ko an buɗe ta ko ba a buɗe ba, sai ta bar shi da ɗan guntun fata. Abu na ƙarshe da ka rubuto mini shi ne: “Na ji. Allah ya ba da sa'a.” Masoyina, da zagina ka yi da ya fi mini sauƙi. Wane irin ruwa ne wannan, mai sanyi a ido, mai ƙona maƙogwaro? Na karanta addu'ar nan ya fi sau ɗari, kullum sai in ji kamar ƙofa ce aka rufe a hankali don kada ta yi ƙara.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Zango ɗaya na karatu na zo yi, wata huɗu, haka muka yi da kai, haka kuma iyayenmu suka tsayar da ranar aurenmu wata guda bayan dawowata. A mako na tara, farfesar da ke kula da ɗakin gwajinmu ta kira ni ofishinta. Ta ce aikina na tace ruwan sha ya burge ta, tana so in ƙara shekara ɗaya a hannunta. Ta turo mini takarda da biro. Na sa hannu, hasken rayuwata. Ba wanda ya tilasta ni. Ban ma yi jinkiri ba. Na yi mako uku ina hira da kai kullum, kana ba ni labarin fentin da ka zaɓa wa ɗakinmu, ni kuma ina ɓoye maka maganar. Yayata kaɗai na faɗa wa, na manta cewa abin da ya shiga kunnen Yaya ya isa kunnen Gwaggo. Yanzu na ji yadda aka yi: Gwaggo ta zo shagonka karɓar kujerarta, ta tsaya a gaban abokan aikinka tana dariya, ta ce, “Ashe amaryar taka sai baɗi? To, ka samu lokacin gama gadon a tsanake.” An ce ka ajiye zarto, ka ɗauki kujerar da kanka ka kai mata har bakin titi. Duk lokacin da na tuna tafiyar nan taka, daga shago zuwa titi, kujera a kafaɗa, idanun mutane a bayanka, sai in ji ƙasa ta yi mini kaɗan in nutse.

Ka tuna ranar da ka zo gidanmu da igiyar awo a wuya? Mama ta ɗauka taga za ka gyara. Sai ka ce kantar littattafai za ka ƙera mini, a fito maka da littattafaina duka, ka zauna a tsakar gida kana auna su ɗaya bayan ɗaya, tsawo da kauri, kana rubutawa a bayan wani kwali da fensirin da ke maƙale a kunnenka. Na ce kanta ai kanta ce, me ya kai ka wannan wahala? Ka ɗago, garin katako a gashinka kamar furfurar aro, ka ce, “'Yar tabarau, ba na so ko ɗaya ya kwanta a gicciye a gidana. Kuma zan bar layi biyu babu komai, na waɗanda ba ki karanta ba tukuna.” Mutumin da ya bar wa karatuna wuri tun kafin ya san iyakarsa, shi na ji tsoron faɗa wa gaskiya. Wace irin wauta ce wannan? Wa ya taɓa ganin tsuntsuwa ta ɓoye fukafukanta ga bishiyar da ta koya mata tashi?

Mutanen gidan da na sauka sun riƙe ni riƙon 'ya. Matar gidan tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, Inna nake kiranta, ta kuma amsa. Mijinta, Baba Direba, ya yi shekara talatin yana tuƙa jirgin ƙasa, har yau idan aka ce ƙarfe takwas a sha shayi, takwas da minti ɗaya ya fara duban agogo yana tsaki. Kowace Asabar yakan sa hularsa ya ce in fito ya nuna mini garinsu. Ya kai ni bakin teku, inda na tsaya kamar gunki, don ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba. Ya kai ni tsohuwar hasumiya mai matakala ɗari uku da sha biyu, shi ya zauna a ƙasa ya ce gwiwoyinsa sun yi ritaya tare da shi. Daga can sama na kira ka, ka tuna? Iska tana kwashe rabin maganata, kana cewa in riƙe ƙarfe da kyau. A ranar, kwana biyu ke nan da na sa hannun. Gari gaba ɗaya a ƙarƙashin ƙafata, na buɗe baki zan faɗa maka, sai na ji kaina ina ba ka labarin tantabaru.

Asabar ɗin da ta wuce gidan adana kayan tarihi muka je. Jama'a sun yi cincirindo a kan wani kambun zinariya, ni kuwa wani tsohon akwatin katako ne ya tsayar da ni a lungu. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinsa, an saƙa kusurwoyinsa ne kamar yatsun hannu biyu da suka sarƙe, ya shekara ɗari huɗu bai saki ba. Na durƙusa na ɗauki hotonsa ta kowane gefe, na tura maka kafin in tuna cewa ba ka buɗewa. A nan kuka ya ƙwace mini, a gaban baƙi, har mai gadi ya matso yana tambaya ko an sace mini jaka. Me teku zai yi mini, me hasumiya za ta ƙara mini, idan babu wanda zan ce wa zo ka gani? Ido biyu na zo da su, amma ashe da naka nake kallo.

Washegari da safe Inna ta shigo ɗakina canza labule, ta tarar da burodin jiya a kan tebur ban taɓa ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna a bakin gado ta ce in faɗa mata, ni kuma na zazzage mata komai. Sai ta nuna mini jikin ƙofa, inda aka yi zane-zanen awon tsayin yarinya da biro, kowanne da shekara a gefensa.

Ta ce, “Kin san ɗakin wa kike kwana? Na 'yarmu ne, ita kaɗai muka haifa. Wata shida ta ce za ta yi a ƙasar waje. Daga nan ta ƙara shekara ɗaya. Bana sha ɗaya ke nan.”

Na ce, “Inna, kina fushi da ita?”

Ta ce, “Zamanta can bai ƙona mu ba, 'yata, kowa da inda abincinsa yake. Abin da ya ƙona mu, a bakin maƙwabciya muka ji. Babanta ya riga ya wanke mota zai je tarbarta.”

Ashe Baba Direba yana tsaye a bakin ƙofa da sandar labule a hannu. Ya ce, “Jirgin da zai makara shi ke sanar da tasha. Ba a barin mai tasha ya ji a bakin fasinja.” Ya ajiye sandar ya fita. Wata uku ina kwana a ɗakin nan, ina rataye mayafina a ƙusar da wata ta bari, ban san a cikin jiran wasu nake kwana ba.

Na san abin da aka riƙa zuba maka a kunne tun kafin in taho. An ce idan ta ga duniya za ta raina mai zarto, an ce mai digiri ba ta dawowa ƙurar shago. Kai ka toshe kunnenka, ka raka ni filin jirgi, ka ce in je in gani in dawo in ba ka labari. Ni da hannuna na ba masu maganar nan gaskiya. Amma ka ji dalilina, ko da bai isa ya wanke ni ba. Na ji tsoron ka yi murmushin nan naka ka ce in zauna, in kasa gane ko jini kake haɗiyewa. Na kuma ji tsoron ka ce in dawo, in dawo ɗin, wata rana in riƙe ka da shi a zuciya. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya, na zaɓi shiru, shirun kuma ya fi su duka cizo. Ba zan yi maka wata ƙaryar ba: ina son shekarar nan. Ina son aikin, ina son ganin ruwan laka ya fito garau daga abin da na haɗa da hannuna. Sai dai ba na son ta a kan kunyarka, ba na son ta idan kai ne kuɗinta.

Jiya na koma wurin farfesa, na roƙe ta ta dawo mini da takardar. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce ba a saba yin haka ba, amma za ta riƙe mini gurbin har farkon zango mai zuwa, daga nan sai ta ba wani. Ga takardar nan na naɗe a cikin wannan ambulan, ita ce ta asali, da sa hannuna a ƙasa. Ka karanta kowane layi, don babu sauran abin da na ɓoye. Zan dawo ranar da ke kan tikitina, ashirin da uku ga watan gobe, jirgin ƙarfe goma na safe. Zan zo in zauna a gabanka, mu yanke maganar tare, kamar yadda ya kamata tun farko. Idan muka ce a bari, an bari, ba za ka taɓa jin na yi maka gori ba.

Abu ɗaya nake roƙo, ya kai raɓar asubahina, ya kai dutsen da nake jingina: kada ka yanke mini hukunci tun ban iso ba. Ka yi mini faɗa, ka kira ni maƙaryaciya, na cancanta. Ka turo ko da harafi ɗaya ne, in san cewa har yanzu akwai wanda nake yi wa laifi. Idan ba za ka iya zuwa filin jirgi ba, ba zan ga laifinka ba. Zan ɗauki jakata in wuce shagonka kafin in je gida, in tsaya a gaban abokan aikin nan naka, in ba ka haƙuri da muryar da kowa zai ji. A gabansu aka kunyata ka, a gabansu zan durƙusa.

Ni ce taka, wadda ta ga teku ta ga hasumiya ba ta ga kamarka ba. Taka idan ka yafe, taka idan ka ƙi, taka har ranar da za a daina kiran sunana a duniya,

'Yar tabarau